Injin Da Ke Ƙarƙashin Masaƙa

Shafi na 27

Masu aiko saƙo suna cewa na bar su a tsaye tun ranar Talata, kun yi gaskiya. Wannan shafin sau uku ina rubuta shi ina yagewa.

*

In ka tambayi matan cocinmu wane ne Torquil Macaskill, za su ce maka waliyyi ne. Shekara goma sha bakwai bai kai kwalbar giya bakinsa ba, shi da a da sai an tsamo shi daga kwata a garin Stornoway. Ba ya fashin sujada, ko ana ruwa ko ana iska.

Dattawan ikilisiya kuwa cewa suke tsoro ne ya yi masa yawa. Sau biyu a shekara ake shimfiɗa farin ƙyalle a kujerun gaba don Jibin Ubangiji, shi kuma Torquil yana can kujerar baya, hularsa a kan gwiwa, yana kallon gurasa tana wucewa hannu zuwa hannu. Sun yi masa magana har sun gaji. Amsarsa ɗaya ce: “Ban isa ba.”

Dolina mai kanti ba ta yarda da ko ɗaya ba.

“Wannan?” in ji ta. “So yake Allah da kansa ya sauko ya roƙe shi.”

Ni yayarsa ce, Kenina. Ni nake dafa masa abinci, ni nake jera masa ƙwayoyin maganin zuciya. Ba a taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa cewa komai ba.

Da likita ya ja ni gefe ya ce zuciyar Torquil ba lallai ta kai shi bazara ba, sai na rubuta wa Finlay wasiƙa. Finlay ƙanena ne, shi ne tsakanina da Torquil a haihuwa. Dattijon ikilisiya ne a da, shi yake ja mana baitin Zabura muna amsawa, kuma masaƙar babanmu da sunansa aka yi mata rajista. Yadin tsibirinmu ba ya samun hatimi sai da ƙafar mutum aka saƙa shi, a gidansa. Wata rana sufeto ya ɗaga katakon daɓe, ya tarar da injin na'urar wanki a ɗaure a ƙarƙashin masaƙar. Aka ƙwace lambar rajistar Finlay. Dattawa suka zaunar da shi, sau uku suna tambayarsa, bai ce uffan ba. Suka sauke shi. Ya tafi Glasgow, shekara goma sha shida ke nan.

Ranar Juma'a ya iso. Suka gaisa da Torquil, suka yi hirar iska da farashin raguna, kowa ya kama gabansa.

*

Asabar ɗin Jibi, bayan wa'azin safe, muka bi layi. Dattijo Uisdean yana tsaye a gaba da faranti, yana miƙa wa kowa 'yar dalmar nan mai kamar kwabo, wadda sai da ita ake zama a teburin Ubangiji. Na karɓi tawa na tura cikin safar hannu. Torquil ya bi ta ƙofar gefe.

A hanya yana tsayawa a kowane turken waya yana mai da numfashi, yana yi kamar tumakin Uisdean yake kallo. Na bar shi.

Muna karya kwanar gida muka ji ta.

Kwas-kwas. Kwas-kwas.

Torquil ya dafa katanga.

Finlay ne a rumfar saƙa, ya tuɓe kwat, yana taka feda. Babu zare ko ɗaya a kan masaƙar, ƙarfe ne kawai yake bugun ƙarfe.

“Ka dawo, Auta?” Bai juyo ba. “An ba ka 'yar dalmar?”

“A'a.”

“Sun ƙare ne?”

“Finlay.”

“Tambaya na yi. A zamanina ba sa ƙarewa.”

Ya ɗauke ƙafa, masaƙar ta yi shiru. Ya shafi ƙarfenta, ya kalli yatsansa.

“Wa yake zuba wa tsohuwar nan mai?”

“Ni,” in ji Torquil.

“Kowane wata?”

“Kowane mako.”

“Mutum ba ya saƙa amma yana shafa mai. Yaya, kin ga ƙanenki?”

Na ce miya na kan wuta, baƙin Jibi suna hanya. Na juya.

“Tsaya, Yaya. Ke kika kira ni.” Ya taɓa aljihun rigarsa. “Layi huɗu, kuskure biyu. Yaushe kika koyi rubutu?”

“Ajin manya. Ranar Laraba.”

“Yaushe?”

“Shekara shida ke nan.”

“Shida.” Ya gyaɗa kai a hankali. “Ashe tun tuni kin iya rubutu.”

Na kau da kai.

“To na zo,” ya ce. “Na gan shi, bai mutu ba. Motar ƙarfe uku zan bi in kama jirgi.”

Torquil ya matso. “Ka kwana zuwa Litinin. Gobe Jibi.”

“In zauna a ina? A baya kusa da kai? Mu jeru, macuci da waliyyi?”

“Kada ka kira kanka haka.”

“Ba ni na raɗa ba.”

Ya tashi daga kujerar saƙa, ya buga dunduniyarsa a daɓe. Katako ɗaya ya amsa da wata irin murya. Ya durƙusa da ƙyar ya ɗaga shi. Ramin yana nan, da hudojin ƙusa huɗu, a jere kamar an auna da ma'auni.

“Zo ki gani, Yaya.”

“Na gani.”

“A'a, ki duba da kyau. Kin taɓa ganina da sifana a hannu? Ni da ko ƙwan fitila ya mutu sai na kira maƙwabci?”

Na kalli ramin.

“A gidan nan, wa ya yi shekara tara a ɗakin injin jirgi?”

Torquil ya zauna a kan akwatin zare. Fuskarsa ta yi toka-toka.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Wata Laraba, a waccan shekarar, Finlay ya kai raguna kasuwa. Ina shanya a bayan gida. Duk wanda aka haifa a ƙauyen nan ya san ƙarar saƙar ƙafa: takan yi sauri, ta yi tuntuɓe, ta tsaya mai ita ya huta. Rannan masaƙar ta yi awa biyu tana bugawa, ba ta numfasa ba ko sau ɗaya. Na shiga ɗaki na ƙara muryar rediyo.

“Na ji ta,” na ce.

Suka juyo su biyu.

“Ranar kasuwar raguna. Ba ka gida, Finlay. Na ji ta.”

“Kika yi shiru.”

“Na yi shiru.”

“Ai mu gidanmu haka muke,” in ji shi. “Da shiru sana'a ce, da mun gina bene.”

“Gwiwata ce,” Torquil ya ce, idonsa a ƙasa. “Watana bakwai da barin giya. Ka ce in ba ni da abin yi zan koma, ka ba ni masaƙa rabin yini. Ƙafar ta ƙi. Kullum kana yaba yadina, kana cewa Auta ya zama mutum. Na kasa ce maka ban iya ba.”

“Na sani.”

“To me ya sa? Sau uku suka tambaye ka. Ina bayan ƙofa, ina ji. Suna ɗaya kawai za ka ambata.”

Finlay ya mai da katakon, ya danna shi da tafin hannu.

“Ranar da sufeto ya zo, na sa hannu a aljihun kwat ɗinka ina neman makullin rumfa. Na taɓa kwalba.”

“Ban buɗe ta ba.”

“Na ga ba a buɗe ba. Na ce a raina, in aka kira sunan Auta a gaban ikilisiya, kafin Lahadi an buɗe ta, kafin hunturu mun binne shi.”

“Ranar da ka tafi na juye ta a rafi.”

“Madalla. Ashe ban tafi a banza ba.”

Ya koma kan kujerar saƙa, amma bai taka ba.

“Wata shida na ba ka, Auta. Na ce a wata shida ƙafarsa za ta kafu, ya je wurin dattawa ya faɗa, in dawo. Ɗakin wata shida na kama. Ko akwati ban kwance ba. Kullum in na taso daga aiki sai na leƙa bayan ƙofa ko wasiƙa ta faɗo. Shekara ta biyu na sayi labule.”

“Na hukunta kaina,” in ji Torquil. “Allah ne shaidata. Ban taɓa zama a teburin nan ba. Sau talatin da biyu ana shimfiɗa ƙyallen ina kallo.”

“Ka hana kanka gurasa, ni na ƙoshi?”

“Finlay...”

“A'a, faɗa mini. Kana zaune a baya, mata suna cewa ku dubi tawali'u. Ni ina can ina tura gadajen marasa lafiya a asibiti, in na hango ɗan tsibirinmu a baranda sai in shige ɗakin bargo. Zamanka a baya ya rage mini me?”

Iska ta kaɗa ƙofar rumfar. Na riƙe ta.

“Kana zuwa coci a can?” na tambaye shi.

Ya girgiza kai.

“Ina zuwa bakin ƙofa. Akwai wata a titin bayanmu, suna rera Zabura da harshenmu ranar Lahadi. Nakan tsaya a wurin jiran bas in saurara. Mai ja musu baiti yana ɗaukarta sama da yawa, tsofaffi ba sa iya kamowa. Sai in ji bakina ya buɗe da kansa. In rufe.”

“Me ya hana ka shiga?”

“Za su tambayi takardar ikilisiyata, su tambayi dalilin da aka sauke ni. In faɗi gaskiya, na kashe Auta. In yi ƙarya, a gidan Allah?” Ya share fuska da hannun riga. “Ban bar Ubangiji ba, Yaya. Ina karatuna safe da yamma, ina durƙusawa a kan wannan gwiwar. Amma ni ma shekara goma sha shida ban ɗanɗana ba. Bambancinmu, shi ba wanda ya hana shi.”

“Kullum ina roƙon gafara,” in ji Torquil. “Ba ranar da ban roƙa ba.”

“Wurin wa?”

“Wurin Allah.”

“Ya ce me?”

Torquil ya murɗa hularsa.

“Ya ce me, Auta?”

“Yana cewa in fara zuwa wurin ɗan'uwana.”

“To ga shi a gabanka. An kawo maka shi har gida, ko kuɗin jirgi ba ka biya ba.”

Torquil ya ɗago kai. Ya buɗe baki zai yi magana. Na riƙe numfashina, na riƙe ƙofar, na yi addu'ar da ba ta da kalma ko ɗaya.

Sai mota ta tsaya a ƙofar gida. Aka buga ƙofofin motar, muryar Dolina ta tashi tana faɗa da laka.

“Baƙi sun iso,” in ji Torquil.

Finlay ya yi dariya, ba mai daɗi ba. Ya ɗauki kwat ɗinsa.

“Shi ke nan. Je ka ka tarbe su.”

*

Mutum tara a teburina. Dattijo Uisdean, Fasto Macritchie da aka gayyato daga ƙetaren ruwa don wa'azin Jibi, Dolina, da tsofaffin mata daga arewa waɗanda ba Jibin da yake wuce su. Na zuba miyar sha'ir da naman rago, na jera dankali. 

Gidanmu ƙofa ɗaya gare shi da ake amfani da ita, kuma sai ka ratsa ɗakin cin abinci. Ƙarfe uku saura kwata muka ji takun Finlay a matakala. Ya sauko da jakarsa, hula a kai.

Hira ta mutu.

Uisdean yana cikin waɗanda suka zaunar da shi a wancan lokacin. Ya ajiye tabarau.

“Finlay.”

“Uisdean. Ka tsufa.”

“Kai ma ba ka koma saurayi ba.”

“Wannan ne Finlay Macaskill?” in ji Fasto Macritchie, ya miƙe rabi. “Mahaifiyata har ta rasu tana maganar muryarka. Ta ce in ka ja baiti, har masu kallo a baya sai sun yi kuka.”

“An daɗe, Fasto.”

“Ba za ka tsaya mana gobe ba?”

Ba wanda ya gaya wa faston komai, ga alama. Tsofaffin matan suka sunkuyar da kai.

“Zauna ka sha miya mana,” in ji Dolina. “Ba ta da wuya. Da cokali ake sha, ba sai an ɗaura mata inji ba.”

“Dolina!” Uisdean ya daka mata tsawa.

“Me na ce? Wasa ma ya zama zunubi?”

Finlay ya gyara riƙon jakarsa. Kunnuwansa suka yi ja, kamar lokacin da yake ƙarami in Baba ya yi masa faɗa a gaban mutane. Ya zo ya sumbaci goshina.

“Ki ci gaba da rubutu, Yaya. Ko layi biyu ne.”

Ya nufi ƙofa.

Uisdean ya yi gyaran murya, yana so ya rufe maganar. “Abinci na hucewa. Torquil, kai ne mai gida. Sa mana albarka.”

Kowa ya rufe ido. Ni ban rufe ba.

Torquil ya miƙe, ya kama bayan kujera da hannu biyu.

“Ya Ubangiji,” ya ce. “Kai da kake ganin abin da ke ɓoye...”

Ya tsaya.

Agogon bango yana tafiya. Ɗaya daga cikin tsofaffin ta ce amin a hankali, tana zaton ya manta sauran.

“Ku buɗe idanunku,” in ji Torquil.

“Lafiya?” Uisdean ya ce. “Kenina, maganinsa.”

“Ba magani nake so ba. Uisdean, kalle ni. Dolina, ke ma, tunda ke za ki kai wa sauran.”

Finlay ya riga ya murɗa mariƙin ƙofa. Bayansa kawai muke gani.

“Injin nan ni na ɗaura shi. Ni na kwance shi daga na'urar wankin Mama, ni na huda daɓe, ni na saƙa yadi goma sha ɗaya da shi aka buga musu hatimi. Finlay bai san komai ba sai ranar da sufeto ya ɗaga katako. Kun tambaye shi sau uku ina laɓe a bayan ƙofa.”

Cokalin Dolina ya faɗi a faranti.

“Torquil,” in ji Uisdean, muryarsa ta dushe. “Ka san abin da kake faɗa? Da hannuna na soke sunansa.”

“Na sani. Da yamma in kun zauna zan zo in maimaita, ku rubuta, ku karanta gobe a gaban kowa. Kuna cewa tsoron Allah ne ya hana ni teburin. Tsoronku ne. Na fi tsoron idanunku da a ce ɗan'uwana ya ruɓe a wani gari.”

Numfashinsa ya sarƙe. Na yunƙura, ya ɗaga mini hannu.

Daga kan tudu muka ji motar ƙarfe uku ta yi oda, tana gangarowa.

Finlay ya buɗe ƙofa. Iska ta shigo ta ɗaga gefen mayafin tebur.

Torquil ya saki kujerar. Taku ɗaya, taku biyu, yana jan gwiwar nan. A tsakiyar ɗaki ya durƙusa, a gaban fasto, a gaban Dolina, a kan daɓen da na goge da safe.

“Finlay.”

Bai juyo ba.

“Yayana. Na cinye maka shekara goma sha shida, na raba ka da gidan ubanka, na raba ka da teburin Ubangijinka, ba ni da abin da zan mayar maka. Na cuce ka. Ka yafe mini.”